Shekarar da Muka Shimfiɗa Dogo a Zaure

Na sha jin ku idan kun taru da sallah kuna hira a tsakar gida, kuna zaton barci nake, kuna cewa Baba ya ƙi babban aiki a Tawa saboda jirgin wasan yara. Sani ne ya fi faɗa, sauran ku yi ta dariya. Ban taɓa tanka maku ba, don akwai gaskiya a cikin zancen, sai dai ba ta kai rabi ba. A lokacin kuna ƙanana, abin da kuka sani shi ne an hana ku wasa a zaure, kuma kuna jin ƙarar guduma. Yanzu da innarku ba ta nan balle ta gyara mani inda na kauce, bari in rubuta yadda abin ya kasance tun ina iya tunawa.

Kakanku, Baba Mamman, mahaifin innarku Rakiya, mutumin Ƙauran Namoda ne. A kan layin dogo ya yi ƙuruciyarsa da ƙarfinsa. Ya fara da lebura mai ɗaukar tsakuwa a kwando, ya kai ga zama heluma, wato shugaban mutanen da ke bin layi da ƙafa suna duba inda ƙarfe ya goce ko ƙasa ta zaizaye kafin jirgi ya iso. Da ya bar aiki sai ya biyo danginsa 'yan kasuwa zuwa nan Konni, ya kafa teburin goro a bakin tasha. A nan na ga innarku, ina ɗan mushe sabon fitowa, wato malamin lakwal, makarantar boko, aka ba ni ita. Shekara goma sha biyar muna suruki da suruki, amma ban da gaisuwa babu abin da ya taɓa haɗa mu. In tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa in ce ina kwana Baba, ya ce lahiya lau Mushe, ya lakwal, in tashi in tafi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba.

A shekarar da nake ba ku labari abubuwa suka taru a kansa. Kakarku ta riga ta rasu. Ɗansa namiji guda ɗaya, kawunku Lawali direba, ya rasu a hatsarin mota a hanyar Dogon Dutsi. Ba a yi wata uku ba sai ɓarin jikin tsohon na hagu ya shanye, ya faɗi a gaban teburinsa. Da aka sallame shi daga asibiti babu inda za a kai shi sai gidana. Ku da kuka tashi a wannan zamanin ba lalle ku gane nauyin wannan ba. Dattijo irinsa ya kwanta a gidan mijin ɗiyarsa, a ci da shi, a ɗaga shi, a kwantar, a wurinsa ya fi ciwon zafi. Muka gyara mashi ɗakin da ke jikin zaure. Ya juya fuska bango. Likita ya ce harshensa ya yi nauyi amma zai iya magana in ya so. Bai so ba. Sai dai mu ga leɓɓansa suna motsi lokacin salla. Innarku ta kawo fura, ya kurɓi ludayi biyu ya ture. Wanka kuwa da kai shi bayan gida ba aikin ɗiya mace ba ne, don haka ni nake yi. Ina cuɗa mashi baya ya runtse ido, ni ma in kau da kai, mu gama babu wanda ya ce uffan. Haka muka yi wata biyar.

Jirgin kuwa ba don shi na sayo ba, kada in yi maku ƙarya. Wata ranar kasuwa ina ratsawa ta wurin masu kayan gwanjo da ake shigowa da su daga ƙetaren iyaka, sai na ga kan jirgin ƙasa na wasa, baƙi, tsawonsa bai wuce tafin hannu da rabi ba, ana sa mashi pil biyu, wato batir, a ciki. Babu layi, babu tarago, shi kaɗai a cikin tsofaffin cokula. Na tsaya ina juya shi. Shekara da shekaru ina koya wa yara darasin jirgin ƙasa da ke cikin littafin karatu, ina zana shi a tabulo, allon aji, da alli, ina yi masu kukansa da baki, alhali ni kaina ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. Na ce a raina, wannan hutun damina zan yi mashi hanya, in an koma lakwal yara su ga abin yana tafiya. Na samo tsohon ƙyaure na ɗora a kan benci biyu a zaure. Na sayo waya mai kauri na daddake ta da guduma ta zama ƙarfen layi. Na tsaga akwatin shayi na yi 'yan katakan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi. Tarago uku na yi da gwangwanin sardin, wani mai zubin tukwane ya zuba mani ƙafafunsu da dalma. Saboda zafi ƙofar ɗakin Baba a buɗe take wuni, tabarmarsa tana kallon zaure, amma na saba da shirunsa har na kan manta yana nan.

Na yi layin kamar ƙwai, ya zagaya ƙyauren ya dawo. A ido ya yi kyau, har na kira innarku ta gani. Amma duk sanda jirgin ya iso kwanar farko sai ya tuntsure, taragon su bi shi. Na ƙara ƙusa, na rage gudu da tsohon pil, na sa dutse a cikin tarago, duk a banza. Mako uku ina wannan fama. Wata rana bayan la'asar ya sake faɗuwa, har ƙafa ɗaya ta cire ta gangara ƙarƙashin benci. Na ce, wannan jirgin dai lalatacce aka sayar mani. Sai na ji murya a bayana, mai nauyi, kalmomin suna jan juna.

"Ba laihin jirgin ba ne."

Na leƙa waje ina zaton baƙo ne. Babu kowa. Da na waiwayo sai na ga tsohon ya juyo da fuskarsa daga bango yana kallon ƙyauren.

"Kwanarka ta yi tsanani, Mushe. Ko jaki ka karya ma kwana haka da kaya, zubar da su zai yi."

Na ajiye jirgin a kan ƙyauren. Ta ƙofar cikin gida na hango innarku tsaye da ludayi a hannu, ta toshe baki da gefen zanenta, hawaye na zuba, tana yi mani alama da kai wai in ci gaba, in tambaye shi. Na durƙusa kamar yadda na saba, na ce, "To yaya za a yi, Baba?"

"Ɗaga ni in gani."

Na ɗauke shi na zaunar a kujerar katako, na tallafe shi da matashi. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya bi layin da ɗan yatsa, a hankali, tun daga farko har ya kai iyakar inda hannun ke isa, ni kuma na juya mashi ƙyauren ya bi sauran. Wani wuri ya tsaya ya danna, wani wuri ya girgiza kai. Ina jira ya ce a gyara nan da can. Da ya gama sai ya ce:

"Ɓamɓare shi duka."

"Duka, Baba?"

"Nan ya yi faɗi, nan ya matse, nan ƙarhe na rawa. Wa ya auna maka? Da ido ka yi. Ba a yin dogo da ido. Da ni ne heluma a nan, da yau ka kwashe kayanka."

Ba zan ɓoye maku ba, na ji haushi ƙwarai. Ni ne darakta a lakwal ɗinmu, ni ke jan jan biro a kan aikin wasu, malamai shida na jiran sa hannuna. Ga aikin mako uku an ce in rushe. Na mai da shi tabarmarsa cikin ladabi, na shiga gida na ce wa innarku tsohon nan bai san wahalar da na sha ba. Tana tankaɗe gari, ba ta ɗago ba ta ce:

"Mushe, wata biyar ban ji muryar ubana ba. In faɗa ne zai hito da ita, don Allah ka bari ya yi ta yi maka. Yau ya shanye hurarshi duka, har ya ce ta yi tsami."

Washegari na ɗauki filaya na cire ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya a gabansa.

Daga ranar aka buɗe wata makaranta a zaure, ni ne ɗalibi. Abu na farko, ya hana ni taɓa guduma har kwana goma. Ya ce a kawo takardar buhun siminti, a shimfiɗa daidai girman ƙyauren, a zana komai da fensir tukuna, don goge zane ya fi cire ƙusa sauƙi. Na zauna na zana abin da raina ke so. Na sa tashar Konni, na sa mararraba a Tsarnawa, reshe ɗaya ya nufi Malbaza ya ɗauko siminti, ɗaya ya gangara kwarin Badaguishiri ya ɗauko albasa, ya haura har Illela. Na sa gada biyu da rami a cikin dutse. Na kawo mashi ina jin daɗi. Ya daɗe yana kallo, sai na ga kafaɗarsa tana motsi. Dariya yake, karon farko tun rasuwar Lawali.

"Ka cika haɗama, Mushe. Ƙasa guda za ka ɗora bisa ƙyaure ɗaya? Hwaɗa mani, jirgin nan daga ina ya hito?"

"Daga Konni."

"Ina za shi?"

Na bi zanen da yatsa, reshe nan reshe can.

"Mi ya ɗauko? Wa ke jiranshi? Jirgi ba ya yawo don a kalle shi. In ba ka san abin da ya kai shi ba, layinka ma ba zai san inda ya dosa ba. Zaɓi gari biyu."

Na zaɓi Konni da Badaguishiri, don a can na fara koyarwa. Ya ce to, jirgi zai tashi da gishiri da kananzir, ya dawo da albasa da tumatir, kuma a tsakiya a yi wurin da layi ya rabu biyu ya sake haɗuwa, don in wata rana na sami jirgi na biyu su sami inda za su kauce wa juna. Na ce ai ba ni da na biyu. Ya ce wanda ke shimfiɗa layi ba don jirgin yau kaɗai yake yi ba, in an rufe da tsakuwa buɗewa wuya gare ta.

Ya sa na fere wani ɗan icce na yi mashi tsaga biyu daidai faɗin ƙafafun jirgin. Wannan shi ne ma'auni, kuma ba a buga ƙusa ko ɗaya sai ma'aunin yana zaune a kan ƙarfen biyu. Kwana kuwa ya ce ba a shiga ta farat ɗaya. A fara lanƙwasa kaɗan kaɗan yadda jirgin ba zai ma san ya fara juyawa ba, sannan a ƙara, sannan a sake sassautawa wajen fita. Muka ɗaura fensir a zare, muka kafa ƙusa a tsakiya, muka ja kwanar da faɗin da ƙyauren zai iya ɗauka. Da ya ga bai isa ba, ya sa na ƙaro rabin wani ƙyauren. Ya kuma sa na cusa siririn kwali a ƙarƙashin ƙarfen waje na kwana, ya ɗan fi na ciki tudu, don jirgin ya jingina ciki maimakon ya fita. Hawan da na yi na fita daga kwarin Badaguishiri sau uku yana sa ni in rushe. Ya ce in ɗora tarago ɗaya a kai in saki. In ya gangara da gudu, hawan ya yi tsaye, in ya gangara kamar tsohuwa mai zuwa rijiya, ya yi daidai. Tasha kuma dole ta zauna a shimfiɗaɗɗen wuri, don ya taɓa ganin tarago cike da gyaɗa ya sulale shi kaɗai daga tasha ba direba, mutane na bin sa da gudu suna salati. Har kwalbati ya sa na yi a gindin tudun, da guntun bututun biro. Na ce Baba, ai ruwa ba ya sauka a zaure. Ya ce yara za su gani, kuma kada a koya masu layin da ruwa zai cinye.

Ba duka shawararsa na bi ba. Ya so a bar ƙasar fili, layi kawai da tsakuwa, wai sauran duk ado ne. Ni kuwa na kwaɓa jar ƙasa da ƙaro na yi tuddai, na yi rumbuna da laka, na yi gonar albasa da tsinken tsintsiya da na rina kore. Ya kalla ya ce ɓata lokaci. Bayan kwana biyu sai ga shi yana cewa rumbun nan ya matso layi da yawa, tartsatsin wuta zai kama shi, in matsar da shi baya.

A cikin wannan aikin ne kunyar da ke tsakaninmu ta narke ba tare da mun sani ba. Wata rana innarku ta kawo tuwo muna tsakiyar auna kwana, sai na ga hannuna da nasa a kwano ɗaya. Wajen wanka ya daina runtse ido. Yana ba ni labarin damina a kan layi, yadda suke kwana a bukka suna jiran ruwan sama ya tsaya su fita duba gada, da yadda yake gane ƙarfe ya tsage daga ƙarar guduma kawai. Ya yi mani zancen Lawali, abin da bai iya yi da ɗiyarsa ba. Ni mahaifina ya rasu ina goye, ban san fuskarsa ba. Na girma a hannun yayana Habu a Tsarnawa, daga nan lakwal ta ɗauke ni. Ban taɓa samun babba namiji da zai tsaya a kaina ya ce wannan ya karkace, sake, sannan in na sake ya ce yanzu ya yi ba. Ina da shekara arba'in da ɗoriya na fara jin daɗin wannan, kuma na ji shi sosai.

Ana saura mako biyu a koma lakwal aka kira ni buro, ofishin masu kula da makarantu, aka miƙa mani takarda. An zaɓe ni in koma Tawa in zama mai duba malamai da ba su shawara a yanki guda. Aikin da kowane darakta ke mafarki ke nan, kuma daga shi ake hawa sama. Na dawo gida da takardar a aljihu na nuna wa innarku. Ta yi murna, sannan murnar ta koma ciki. Masaukin da za a ba ni a can ɗaki biyu ne a cikin gidan haya, aikin kuma yawo ne a ƙauyuka, sai in yi mako ban kwana gida ba. Ko mun tafi da tsohon, ko na tafi na bar ku a nan, abin ɗaya ne: babu mai ɗaga shi, babu mai yi mashi wanka. Ta ce a nemi wani a riƙa ba shi lada yana yi. Na ce kin san ubanki, ranar da baƙon hannu ya taɓa shi ranar zai sake juya fuska bango. Sai ta ce:

"Ni ba zan ce ka zauna ba, Mushe. In na ce, wata rana ɗiyanka za su ce ni na tare maku hanya. Ba zan kuma ce ka tahi ba."

Na hau mota na je Tsarnawa wurin Yaya Habu, don shi ne uba a wurina. Na same shi a gona yana duba wake. Bai bari na gama ba.

"Isuhu, ni na sai da akuyata na kai ka lakwal. Don ka zama mai wankin surukinka na yi? Danginshi na Ƙaura, a mai da shi can. Kuma an hwaɗa mani abin da kake yi a zaure, kai da gemunka, kana wasa da gwangwani. In ka ƙi aikin nan, kada ka sake kawo mani shawara."

Na dawo gida na san yana da gaskiyarsa. Kwana uku ina juya abin. Zan kuma faɗa maku wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba: a cikin dalilaina har da tsoro. Na saba da allo da yara, ban tabbata zan iya da manyan buro ba. Amma ba shi ne babba ba. Babban shi ne na kasa hango kaina ina shiga ɗakin nan in ce Baba, daga gobe wani zai riƙa zuwa. Ranar Litinin na rubuta takardar neman afuwa na kai. Shugabanmu ya karanta, ya cire tabarau ya ce in sani irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Na ce na sani. Kuma ba ta sake zuwa ba. Wanda aka ba a madadina ƙanena ne a aiki, ya ƙare a Yamai da mota da direba. Ni a lakwal ɗin nan na yi ritaya. Abin da kuka rasa saboda haka, na makaranta mai kyau da na jin daɗi, na san shi, ba kuma zan ce ƙarami ne ba. Ban tambaye ku ba lokacin da na yanke, don haka kuna da hakkin ku yi ƙorafi.

Mun so mu ɓoye wa tsohon, amma wani malami da ya zo gaishe shi ya fasa zancen. Da baƙon ya fita ya kira ni. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Wa ya sa ka? Na roƙe ka? Ni da ƙahwata ɗaya ke cikin kabari za ka tsaya ma, ka bar masu tasowa? Wanga aiki naka ya hi na kwanar nan muni, kuma shi ba ya ɓamɓaruwa."

"Na riga na kai takarda, Baba."

"Da ka kawo mani zanen kahin ka buga ƙusa, da na hana ka."

"Shi ya sa ban kawo ba."

Ya juya fuska bango. Na ce a raina shi ke nan, na yi biyu babu. Kwana uku bai yi mani magana ba, wanka ma a shiru muka yi shi kamar da. A rana ta huɗu da hantsi ina zaune a zaure ban taɓa komai ba, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Isuhu."

Karon farko ke nan da ya kira sunana.

"Tunda ka zauna, ai sai a gama. Kawo ma'aunin nan, ban yarda da bakin tasha ba."

Mun gama bayan an koma lakwal da wata guda. Ƙyauren ya yi nauyin da ba zai ɗauku ba, don haka na riƙa kawo yara aji aji suna tsayawa a zaure. Ranar farko innarku ta sa wa tsohon farar rigarsa da hula, ta yanko ƙyalle kore ta ɗaura a kara ta ba shi a hannun dama. Na sa sabon pil. Ya ɗaga ƙyallen, na saki jirgin. Ya tashi daga Konni da taragonsa uku, ya shiga kwanar nan ya jingina ciki kamar mai rawa, ya fita, ya gangara kwari, ya tsaya a Badaguishiri inda na tare shi da yatsa. Muka zuba mashi ƙwayar dawa a matsayin albasa, ya hau tudu a hankali, yana nishi, bai tsaya ba. Yara suka ɓarke da ihu. Wata yarinya ta tambayi tsohon ko na gaske ya kai girman motar siminti. Ya ce ta haɗa motoci ashirin a jere tukuna. Daga nan suka kewaye shi, ni darakta aka manta da ni a gefe. Ya yi shekara ɗaya da rabi yana karɓar yara a zauren nan, har waɗanda ba na lakwal ɗinmu ba, kafin ciwon ya sake bugunsa. Kwana biyu ya yi ya cika, da rana tsaka, kansa a kan cinyata, innarku na riƙe da hannunsa. Ni na yi mashi wanka na ƙarshe.

Duk tsawon wannan lokacin Yaya Habu bai taka gidana ba. In na je gaishe shi ya amsa a taƙaice ya tashi. Amma ranar addu'ar uku sai ga shi a kan amalanken jaki tun da safe, ya zauna cikin mutane ya karɓi gaisuwa kamar shi ne mai rashin. Da jama'a suka watse ya ce in nuna mashi abin. Na yaye zanen da muka rufe shi da shi, na saki jirgin. Ya tsuguna, ya bi shi da ido har ya je ya dawo.

"Wanga ne ya hi Tawa?"

"Ba shi ba ne, Yaya. Wanda ya koya mani ne."

Ya sa yatsa ya taɓa ɗaya daga cikin rumbunan lakar, ya ce bakinsa ya yi faɗi. Na ce sau nawa tsohon ya sa na rushe abu a kan ƙyauren nan, ban iya ƙirgawa ba. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Haka Babanmu yake. Kai ba ka san shi ba. Maginin rumbu ne, duk Tsarnawa babu kamarshi. Ya taɓa sa ni rushe aikin kwana huɗu don gindin ya karkace da yatsa ɗaya. Na yi kuka, ya ce in gama kukan in kwaɓo laka."

Ban taɓa sanin mahaifinmu magini ne ba. A gidanmu ba a zancen matattu, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Na jawo benci na ce ya zauna. Ya ce jakinsa bai sha ruwa ba. Na ce za a ba shi. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya fara tun daga yadda Babanmu ke zaɓen ƙasa da ɗanɗana ta a harshe. Innarku ta kawo fura ta ajiye ta koma. Ba mu tashi ba sai da aka kira la'asar, kuma ranar a gidana ya kwana.